Azumin da Muka Yi Shirin Ɓoye Dogo

Azumin bana ya sake faɗowa cikin sanyi. Jiya bayan sahur na leƙa taga na ga raɓa ta daskare a kan gilasan motoci, sai jikata ta tambaye ni ko na taɓa yin azumi cikin irin wannan sanyin. Na ce mata ta je ta kwanta. Wannan ai wasa ne a wurin wanda ya ga na 1993. Azumi ya zagaya shekara ya komo inda ya baro, ya same ni a Saint-Denis ɗin nan dai, da gwiwa mai ciwo da ɗaki mai ɗumi. A wancan karon kuwa ban san ko za mu kai bazara a ƙasar nan ba.

Maigidana Malam Isufu, Allah ya jiƙansa, direba ne a lokacin. Yana tuƙa wani Ba'amurke da ƙasarsa ta turo ya shugabanci ofishinta a ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin duniya da ke Paris. Mu dai Dogo muke ce masa, don sai ya naɗe kansa yake shiga mota. A lokacin ban taɓa ganinsa ido da ido ba, amma na san tarihinsa fiye da na wasu dangina, saboda mutum ne mai surutu a mota, Malam kuma ba ya iya kwana da labari a cikinsa. Ɗan manomin masara ne. Ya fara da neman kujerar mai kula da hanyoyi da magudanan ruwa na ƙaramar hukumarsu, yana bi gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa, karnuka suna raka shi da haushi. Daga nan ya zama magajin gari, ya shiga majalisar jiharsu, ya haura ta ƙasa baki ɗaya. Can aka kayar da shi. Da yake ya sha wahala wurin tallata shugaban ƙasarsu na lokacin, sai aka share masa hawaye da kujerar Paris.

Wani jakadan ƙasarmu da Malam ya yi wa aiki ne ya haɗa su lokacin da zai koma gida. Dogo ya ɗauki Malam da sunan kansa, ba da sunan ofis ba. Katin zaman da aka ba mu irin na masu yi wa jakadu hidima ne: ranar da ubangidanka ya bar ƙasar, ranar kake mayar da shi. Ni da yara biyu duk a jikin wannan katin muke rataye. Babbar ta fara lekol, wato makarantar boko, har ta fara gyara mini Faransanci.

A watan Nuwamba aka yi zaɓe a Amurka, shugaban da ya naɗa Dogo ya faɗi. Ashe a can duk wanda ya samu kujera ta hannun shugaba, tare suke sauka. Aka ba Dogo zuwa ƙarshen Maris ya tattara nasa ya nasa.

Daga nan Malam ya fara shigowa da labarai marasa daɗi. Wayar gidan Dogo da ba ta hutawa ta yi shiru. Masu zuwa cin abinci da furanni a hannu suka ɗauke ƙafa. Matarsa ta haɗa kaya ta yi gaba tun cikin Janairu. Aka sauke hoton tsohon shugaba daga bango aka rataya na sabo. Ranar da Malam ya ce ya ga sakatariya tana ɗura takardu cikin wata na'ura mai yayyanka su, tuwo bai wuce mini ba. Mu da muka tashi muna ganin yadda ake sauka daga mulki a gida, ba mu nemi mai fassara ba. Mutum ya tura iyalinsa gaba, abokai sun watse, ana ɓatar da takardu, kuma an kira shi gida. Mun san abin da ke tsaye a filin jirgi yana jiransa. An dai nuna a talabijin tsohon shugaban da sabon suna gaisawa da murmushi, amma wannan bai ruɗe mu ba, namu ma suna gaisawa in akwai mai ɗaukar hoto.

Kullum ina ce wa Malam ya tambayi mutumin nan yadda za a yi da mu. Kullum amsarsa ɗaya.

"Mutumin da bai san inda zai kwana wata mai zuwa ba, in tsaya gabansa in ce ni fa? Bakina ba zai iya ba."

Nakan yi fushi in yi ta buga tukwane, amma a zuciyata na san ni ma da kunya zan ji. Haka aka rene mu. Wanda ke cikin tashin hankali ba a ɗora masa naka.

Ana cikin haka aka ga wata, a ƙarshen Fabrairu. A Damagaram ƙishirwa ce abokiyar gabar mai azumi. A nan ko tunawa da ruwa ba ka yi, yunwa ce ke shiga ƙashi tare da sanyi ta zauna. Shofaj ɗin benenmu, wanda ke ɗumama ɗakuna, ya lalace tun kafin azumi, masu gyara suna ta alkawari. Asansar ma, na'urar da ke hawa da mutane bene, ta tsaya, mu kuma muna can kusa da sama. Ruwan alwala yana yanka hannu kamar reza. Nakan tashi sahur da rigar sanyin Malam a kan zanena, in kunna murhu duka baki huɗun, in tsaya a gabansa kafin in tuna abin da na zo dafawa. Sama kuma ba ta yin ruwan kirki a huta. Yayyafi ne siriri da ke wuni yana sauka, matakala duk warin jiƙaƙƙun riguna.

Abinci ma ya ja baya. Da can in an yi liyafa a gidan Dogo, Malam yakan dawo da kifi da burodi da kayan marmari, ga ɗan abin da ake ƙara masa na aikin dare. Liyafa ta ƙare, wannan duk ya ƙare, kuma ɗan abin da ke hannu muna tattalinsa don ba mu san ranar da za a ce mu nemi jirgi ba. Yau ina sauka ƙasa in sayi garin gero a kanti, har da zaɓi. A lokacin sai wani ya zo daga gida da shi a akwati. Ɗan wanda ya rage mini nakan haɗa shi da semul, tsakin alkama, in dama kunu, in matsa lemon tsami a madadin tsamiya. Kasuwa kuwa sai ana shirin tashi nake zuwa, lokacin da masu tumatir suka gaji da ciniki.

Abin da ya rufa mana asiri shi ne Hajiya Falmata, wata ƴar Chadi da ke ƙasa da mu. Ita ta ce wauta ce kowace mace ta kunna murhunta ita kaɗai tana rawar ɗari. Sai muka koma haɗuwa a kicin ɗinta bayan azahar, mu da wata ƴar Garwa. Wannan ta kawo wake, waccan ta kawo mai, a rufe ƙofa a toshe ƙasanta da tsumma. Muna surfa wake da tafin hannu, muna niƙa shi a wata ƴar na'ura da ke ɗaukar zafi ta mutu, sai an yi mata fifita ta farfaɗo. Yara suna ƙarƙashin tebur suna aikin lekol, gilashin taga yana zufa. Ƙamshin ƙosai a cikin wannan kicin, kana jin yunwa hanjinka na kuka, har yau ban ji wanda ya kai shi ba. Mijin Hajiya Falmata ya ce in ta ɓaci Malam ya zo ya riƙa sauke kaya a sito a Aubervilliers, ba a tambayar takarda. Na yi godiya, na hau sama na yi kuka, don na san irin zaman da marasa takarda ke yi, kullum ido a kan ƙofa.

Shi kuwa Malam a mota yake buɗa baki, da dabino a aljihu. Ya ce tun da Dogo ya gane yana azumi ya daina cin komai a motar da rana, kuma in ya ga gari ya fara duhu shi ke cewa a tsaya a gefen hanya. Wannan ya ƙara karya wa Malam zuciya. Ya dawo ba ya maganar katinmu sam, sai ta Dogo.

Wajen tsakiyar azumi yayan Malam ya kira daga Bron, kusa da Lyon. Alhaji Mamman ke nan, wanda ya riga kowa zuwa Faransa, yana aiki a masana'antar manyan motoci, kuma ba a musu da shi. Malam ya gaya masa cewa ɗaliban jami'ar da ke unguwar su Alhaji sun gayyaci Dogo ya yi musu jawabi, kuma Dogo ya ce a mota yake son zuwa don ya ga gonaki kafin ya bar ƙasar. Sai Alhaji ya ce in an gama jawabin a kawo masa shi gida shan ruwa. Ni kuma ya ce in biyo jirgin ƙasa in zo in taya matarsa girki, don na fi ta iya miyar taushe.

Sai da na isa na gane ba shan ruwa kaɗai aka shirya ba. An kwashe samarin gidan an kai su maƙwabta. An wanke ɗakinsu, an sa sabon labule mai kauri, an haɗa wa gadon benci a ƙarshensa don ƙafafu. A kan gadon ga babbar riga da tela ya ƙara wa tsawo, ga hula. Matar Alhaji ta raɗa mini sauran: akwai wani direban babbar mota ɗan Kamaru da zai kai Dogo Marseille, daga can a san yadda za a yi ya isa gidan Alhaji na Damagaram. Na dubi rigar na dubi ƙofar. Na ce mata yaya za a ɓoye farin mutum mai tsawon ƙofa a benen da kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya dafa? Ta ce in rufa mata asiri kada Alhaji ya ji.

Sun iso ana gab da shan ruwa. Dogo ya sunkuya ya shigo, ya ga takalma a bakin ƙofa ya cire nasa ba a ce masa ba. Tsoho ne ashe, gashi fari fat, hannuwa manya irin na masu noma. Ya zauna a kan darduma da ƙyar, gwiwoyinsa suna kusa da kunnuwansa. Ya jira har aka yi salla. Ya sha kunu ya nemi ƙari, ya ci ƙosai, yaji ya sa shi hawaye bai fasa ba. Mu mata muna kicin, ƙofa a buɗe rabi.

Alhaji yana jin Faransanci sarai, amma babbar magana ba ya yin ta sai da Hausa, kuma sai da ɗan tsakani. Ya gyara zama ya sa Malam ya riƙa mayarwa. Ya fara da jaje, ya ce mulki na Allah ne. Sannan ya ce ƙanensa ya ci abincin Dogo shekaru, don haka Dogo ya zama nasu. Ya ce kada ya hau jirgin nan. Ga ɗaki, ga sutura, ga hanya, kuma babu wanda zai ji daga bakinsu.

Dogo bai gane ba sai da aka maimaita. Da ya gane na ga dariya ta taso masa, kafaɗunsa sun fara motsi. Ya tambaya da Faransancinsa mai kama da tauna tsakuwa, wa zai kama shi?

Alhaji bai yi dariya ba. Wannan karon bai jira ɗan tsakani ba, da kansa ya juya harshe zuwa Faransanci, ya fara da mushe, yallaɓai ɗinsu ke nan.

"Mushe, ni ma direba ne da. Na sufurefe, mai mulkin gundumarmu. Shekarar da soja suka karɓi mulki aka aiko yana da kira a bariki. Shi ma dariya ya yi, ya ce ba komai. Ni na kai shi da hannuna. Ya ce in jira shi a bakin ƙofa, yanzu zai fito." Ya juya ya dubi Malam. "Ba zan bari ƙanena ya kai nasa ba."

Ko Malam bai taɓa jin wannan daga bakin yayansa ba. Dariyar Dogo ta koma inda ta fito. Ya ajiye kwanon kunu, ya yi bayani a hankali. Ya ce wannan ba shi ne faɗuwarsa ta farko ba. Ya ce wanda ya kayar da shi daga majalisa coci ɗaya suke zuwa, kuma matansu suna gaisawa. Babu mai jiransa a filin jirgi sai ƙanin matarsa da tsohuwar mota. Zai ɗan koyar a wata ƙaramar kwaleji, in ya gaji da zama wataƙila ya nemi kujerar kwamitin makarantun garinsu, ya koma ƙwanƙwasa ƙofofi.

"A wurinmu in ka faɗi ba a kama ka," in ji shi. "Mantawa ake yi da kai. Tun Nuwamba, ku ne na farko da kuka kira ni cin abinci."

Alhaji ya girgiza kai, alamar bai yarda ba. Ni kuwa na yarda, don na ga idon mutumin, babu tsoro a ciki sai kaɗaici. Kuma da na yarda sai haushi ya taso mini. Wata huɗu ina kwana da ido biyu, ina tausayin wanda zai koma gidansa ya shiga aji ya koyar. In ba kurkuku za shi ba, to kunyar me ta rage? Ban san lokacin da na tura ƙofar kicin ba, da ludayi a hannuna.

"Mushe, to mu fa?"

Malam ya so ƙasa ta tsage ya shige. Alhaji ya ce, "Ke!" Amma magana ta riga ta fita. Da Faransancina na kasuwa na gaya masa cewa ranar da ya hau jirgi, ranar katinmu ya mutu, mu da yara.

Ban taɓa ganin mutum ya yi ja irin haka ba, har kunnuwa. Ashe ya manta sam cewa da sunansa ya ɗauki Malam. A zatonsa Malam kamar sauran direbobin ofis yake, mai kujera ya tafi, direba da mota su jira na gaba. Ya juya ya tambayi Malam me ya hana shi magana tun tuni. Malam ya sunkuyar da kai. Alhaji ne ya amsa, ya ce a wurinmu ba a yi.

Ba nan take aka warware ba. Dogo ya gaya mana gaskiya, ya ce yanzu ko fensir ba zai iya sa a saya ba. Ofis yana hannun mataimakiyarsa, wata mata da ba ta zo da zaɓe ba kuma ba za ta tafi da zaɓe ba, irin ma'aikatan da ke zaune ko wa ya hau. Kuma ba sa shiri, don ta sha gaya masa cewa siyasa ya iya, ba aiki ba. Ya ce amma roƙo shi ne sana'arsa tun yana saurayi, zai je ya ƙwanƙwasa.

Goman ƙarshe na wannan azumin ban san yadda na yi su ba. Malam ya ce kullum da safe Dogo yakan tsaya a bakin ofishin matar da hularsa a hannu, kamar mai neman aiki. Ta ce babu gurbi. Ya koma. Ta ce sai ta tambayi can gida. Ya koma. Ni kuma ina kicin ɗin Hajiya Falmata ina ƙona ƙosai, har ta karɓe mini matsami ta ce in je in zauna.

Ana jibi Salla Malam ya kai shi filin jirgi, duk da Alhaji ya kira ya hana. Ya ce babu rakiya, babu ɗakin manyan baƙi. Dogo ya ja akwatinsa ya bi layi a bayan wasu ɗalibai. Har ya tafi matar ba ta ce komai ba.

Washegari da la'asar ina tankaɗe gari na ji takun Malam a matakala. Mutumin da kullum sai ya huta a hanya, yau da gudu yake hawowa. Ya shigo yana haki, ya dafa bango. Ya ce matar ta kira shi. Wani tsohon direban ofis zai ajiye aiki, ta sa sunansa a gurbin, da sunan ofis wannan karon, katin kuma za a sauya shi. Ta ce masa ba don Dogo ta yi ba, don ya gajiyar da ita ne da tsayuwa a bakin ƙofarta. Na zauna a ƙasan kicin cikin gari ina ta cewa alhamdu lillahi, ina dariya, yara suna kallona. Wani irin sauƙi na ji, har barci ya kama ni a wurin kafin a sha ruwa.

Ranar Salla da hantsi waya ta yi ƙara. Dogo ne daga gidansa, ya tashi tun da asubarsu don ya ji yadda aka ƙare. Ya ce dusar ƙanƙara ta toshe masa ƙofar gareji, kuma matarsa ta ce tunda yanzu ba shi da direba ba shi da aiki, sai ya ɗauki shebur.

Malam ya ce ni zan gaya wa Alhaji, tunda ni ce mai baki. Na kira Bron, muka yi barka da Salla, na ce masa Yaya, mun zauna, aiki ya tabbata. Ya yi hamdala. Na ce kuma Dogo ya kira, yana gidansa.

Ya tambaya ko da kunnena na ji muryarsa. Na ce da kunnena. Ya tambaya ko akwai alamar wani na tsaye a kansa. Na ce babu kowa sai matarsa, tana yi masa faɗa a kan sharar ƙanƙara.

Can na ji numfashinsa yana rawa, dattijon da ban taɓa jin ya yi kuka ba.

"Ashe akwai inda ake sauka a koma gida," ya ce.